Zauren Malam: Mu Kai Yaranmu Su Ga Giwa

Ga kaka ta wuce, an shigar da amfani rumbu, hunturu kuma ya kama. Nan da 'yan watanni za a rufe makarantu domin hutun Ista, iyaye su fara tunanin inda za a aika da yara. Waɗansu za su tafi ƙauye wurin kakanni, waɗansu kuwa za su zauna gida suna kai da kawowa tsakanin talabijin da wayar hannu har hutun ya ƙare. A wannan wata ina so in kawo muku wata shawara dabam, watau mu ɗauki iyalinmu mu kai su daji su ga namun dawa da idonsu. Na kawo zancen tun da wuri, gama tafiya ce mai bukatar shiri da ɗan tanadi.

Turawa suna kiran irin wannan yawo safari. Kalmar ba tasu ba ce, sun aro ta ne daga Swahili, mutanen Swahili kuma daga Larabci, inda ma'anarta tafiya. Daga tushen nan ne mu ma muka sami kalmar safara, irin wadda fatake suka yi da jakuna zuwa Gwanja. A zamanin da, in Bature ya ce zai yi safari, bindiga yake nufi, ya harbe giwa ya kwashe haure, ya feɗe zaki ya shimfiɗa fatar a ɗakinsa. Yanzu kuwa ma'anar ta juya. Mai safari na yau ido yake kaiwa, ya kalli dabba a gidanta, ya bar ta da ranta ya komo.

Dalilina na fari shi ne harshen da muke magana da shi. Bakin Bahaushe cike yake da namun daji. Mukan ce giwa a garin wani zomo ce. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In babban al'amari ya danne ƙarami, sai mu ce sawun giwa ya taka na raƙumi. Sarki ana gaishe shi da zaki, mai haɗama kuma a ce masa kura. Waɗanda suka ƙaga maganganun nan ba daga littafi suka samo su ba. Sun ga sawun giwa a bakin rafi, sun ji rurin zaki da dare daga bayan gari. Mu da muka ba arba'in baya mun tarar da tsofaffin da suka ga waɗannan abubuwa, mun ji daga bakinsu. Yaranmu fa? Ka tambayi ɗan aji shida bambancin gwanki da kanki, ko mazo da gada, ka ji abin da zai ce. Da yawa za su gaya maka sunan dabbar da Turanci in ka nuna musu hoto, amma sunanta na Hausa ya zama musu baƙo. Kalma kuwa, in abin da take nufi ya ɓace, ita ma ba ta daɗewa.

Dalili na biyu ya fi na farin nauyi. Dabbobin suna ƙarewa. A shekara ta 2024, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta fito da shirinta na kare giwaye, an bayyana cewa waɗanda suka rage a Nijeriya duka ba su wuce 300 zuwa 400 ba, alhali shekara 30 kafin nan ana ƙiyasta su 1,200 zuwa 1,500. Zaki ya fi haka shiga uku. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna zakoki wajen 400 kaɗai suka saura a Afirka ta Yamma baki ɗaya, mafi yawansu a dajin da ya haɗa iyakokin Benin da Nijar da Burkina Faso. A ƙasarmu wurare biyu tak aka same su, Kainji da Yankari, kuma in an haɗa su ba su kai 50 ba. Saboda haka abin da uba bai nuna wa ɗansa yau ba, mai yiwuwa ɗan ba zai sami abin da zai nuna wa jika ba.

INA ZA A JE, KUMA YAUSHE?

Ba sai mun hau jirgin sama zuwa Kenya ko Tanzaniya ba. A Jihar Bauchi, cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, akwai Gandun Dajin Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a shekara ta 1956, zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu ziyara ran 1 ga Disamba 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, sa'an nan a 2006 aka mayar da shi hannun Jihar Bauchi. Daga birnin Bauchi akan bi hanyar Gombe, a Dindima a ratse kudu, a shiga ta ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai cikin dajin. Duka-duka tafiyar daga Bauchi ta ɗara kilomita 100 kaɗan.

Ran dajin nan shi ne kogin Gaji, wanda maɓuɓɓugai suke ciyar da shi, don haka ba ya ƙafewa ko da rani. Wanda ya gane wannan ya gane lokacin zuwa. Da damina ruwa yana ko'ina, dabbobi sukan watsu cikin dajin, ciyawa kuma ta fi mutum tsawo, sai ka wuni kana yawo ba ka ga kome ba sai ganye. Amma daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da tafkuna suka bushe, bishiyoyi suka kaɗe, ƙishirwa takan koro kowace dabba zuwa fadamar Gaji. Lokacin zafi ne ƙwarai, ba na ɓoye muku, amma shi ne lokacin gani. Hutun Ista kuwa yakan faɗo daidai cikinsa.

Akwai abu guda da ya kamata uba ya faɗa wa iyalinsa tun kafin a shiga mota. Daji ba gidan zu ba ne, ba kuma talabijin ba ne. Hotunan nan da muke kallo, inda zaki yake kama nama kowane minti biyar, masu ɗaukarsu sukan yi watanni suna fako kafin su sami abin da za a nuna cikin awa guda. Yawancinsu kuma a Gabashin Afirka ake ɗauka, irin su Serengeti, inda ƙasa take shimfiɗe fetal, ido ya hango har iyakarsa, wata dabba da suke kira nyumbu kuma take tafiya garke sama da miliyan. Yankari ba haka yake ba. Kurmi ne na kawo da marke da taramniya, giwa tana iya tsayawa taki talatin daga hanya ba ka gan ta ba. Wanda ya je da niyyar lalle sai ya ga zaki zai komo da fushi. Wanda ya je domin ya ga abin da dajin zai nuna masa a ranar, shi zai komo da labari.

KALLO MA SAI AN KOYA

Sau biyu ake fita a rana, da sassafe da kuma la'asar sakaliya, gama da tsakar rana kowace dabba tana inuwa tana hutawa kamar yadda mu ma muke yi. Ba a shiga sai da ɗan jagora daga ma'aikatan dajin, kuma maganarsa ita ce doka. A sa tufafi masu launin ƙasa ko na busasshiyar ciyawa. A guji baƙi da shuɗi mai duhu, domin su ne suke jawo tsando, cizonsa kuwa da zafi. A bar rediyo da kiɗan waya a masauki.

Babban abin da ake bukata shi ne shiru. Na sani wannan yana da wuya ga yara, ni da nake fama da su a aji kullum na fi kowa sani. Amma na lura, yaron da ba ya iya yin shiru na minti biyar a gaban allo yakan yi rabin awa ko tari ba ya yi, in an ce masa giwa tana kusa. Dabba tana jin muryar mutum tun daga nesa, tana kuma jin ƙanshinsa in iska ta kaɗa wajenta. Mai surutu ƙurar gudu kaɗai yake gani.

Sa'an nan a koya wa ido aikinsa. Baƙon daji yakan nemi dabba sukutum, da kai da ƙafafu, kamar yadda aka zana ta a littafi. Maharbi kuwa ba haka yake nema ba. Yana neman kunne da ya motsa, ko wutsiya da ta kaɗa ƙuda, ko wani abu da ya kwanta a gicciye a inda itatuwa duka suke tsaye, watau gadon bayan dabba. Kada ido ya tsaya a kan ganyen farko, ya ratsa ta tsakanin rassa zuwa can ciki. Kunne ma yana da nasa rabo. In bika ya yi haushi daga kan itace, ko zabin daji suka ɓarke da kuka gaba ɗaya, to, sun ga wani abu. In ka ji kukan carki, duba ƙasa da shi, gama ba ya rabuwa da bayan ɓauna ko gwanki, inda yake cin kaska.

Ƙasa ita ma littafi ce. Ga sawu a kan rairayi, ga kashi, ga reshe da aka karya, ga ɓawon itace da aka ɓare sama da inda hannun mutum zai kai. Ɗan jagora nagari zai taɓa kashin giwa ya gaya maka ko da asuba ta wuce ko tun jiya. Ga kuma wani ɗan lissafi da nake ba almajiraina. In jagora ya yarda a sauka a wurin da babu haɗari, a sami zare a auna kewayen sawun ƙafar giwa ta gaba, a ninka shi biyu. Abin da ya fito, kusan shi ne tsawonta daga ƙasa zuwa kafaɗa. Yaron da ya auna sawu ya sami mita ɗaya da rabi, ya ninka ya ga mita uku, ya ɗaga kai ya kwatanta da rufin ɗakinsu, ba zai ƙara mantawa da ma'anar kewaye ba har abada.

ABIN DA ZA A IYA GANI

Bari mu fara da uwar dawa. Giwayen Yankari su ne garke mafi girma da ya saura a ƙasar nan, ƙiyasin da masu kula da su suka bayar a 'yan shekarun nan shi ne 100 zuwa 150. In Allah ya sa kuka yi katari da su, kada ku tsaya ga girmansu kaɗai, ku dubi zamansu. Garken giwa na mata ne da 'ya'yansu, uwa da 'ya'ya da 'yan'uwa, kuma tsohuwar cikinsu ita ce shugaba. Ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, ita ta san hanyar da aka taɓa harbinsu. In ta tsaya kowa ya tsaya, in ta juya kowa ya juya. Ɗan namiji in ya kai shekara 12 zuwa 15 sai ya bar garken, ya shiga yawo shi kaɗai ko tare da waɗansu toraye. Ku lura da inda ƙanana suke sa'ad da ake tafiya, kullum a tsakiya, tsakanin ƙafafun manya. In ɗan ƙarami ya kasa hawa gaɓar rafi, za ku ga uwa ko yaya ta sa hanci ta turo shi.

Giwa takan ɗauki ciki wata 22, ta haifi ɗa guda mai nauyin kilo 100 ko fiye, kuma ba ta sake haihuwa sai bayan shekara 4 ko 5. Babba takan ci ganye da ciyawa da ɓawo har kilo 150 a rana, ta sha ruwa fiye da lita 100. Fiffika kunnuwan da take yi ba ado ba ne, jijiyoyin jini ne cike a bayansu, iska tana sanyaya jinin kafin ya koma jiki. Tana kuma da wani irin gurnani mai zurfi wanda kunnen mutum ba ya kamawa, amma 'yan'uwanta suna jinsa daga nisan kilomita da dama. Shi ya sa za ka ga garke yana kiwo shiru, farat ɗaya duka su ɗaga kai su nufi waje guda, kai kuwa ba ka ji kome ba. Har kashinta yana da amfani. Ba ta narkar da abinci sarai, don haka 'ya'yan itatuwa da ta haɗiye sukan fito da takinsu a wani wuri mai nisa su tsiro. Tana karya itace, tana kuma shuka wani.

Ɓauna a garke take tafiya, kuma tamu ta Afirka ta Yamma ba duka baƙaƙe ba ne, za ku ga ja da baƙa a garke ɗaya. Kada kamanninta da saniya ya ruɗe ku, maharba sun fi jin tsoronta da yawancin namun daji, musamman tsohon namiji da ya ware shi kaɗai. Gwanki kuwa ba a ɓata shi, ga tsawo kamar doki, ga dogayen kunnuwa, ga ƙaho ya lanƙwasa baya, fuskarsa fari da baƙi sai ka ce an yi masa kwalliya. Kanki yana da doguwar fuska, kafaɗarsa ta fi ƙugunsa tudu, kuma sau da yawa za ka ga ɗaya ya hau suri yana gadi sauran suna kiwo. Gwambaza mai gashi buzu-buzu ba ya nisa da ruwa, namijin ne kaɗai yake da ƙaho. Mazo kuwa mai kunya ne, ja da zane-zanen fari, yakan fito bakin kurmi shi kaɗai da magariba, in ya tsorata ya yi haushi kamar kare.

Wanda zai ba yara dariya shi ne mugun dawa. Yakan durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba in zai ci ciyawa, in ya zura da gudu kuma sai ya miƙe wutsiya sama tsaye, 'ya'yansa suna biye kowa da tasa a miƙe. Ramin dabgi yake kwana, kuma da baya yake shiga domin haƙoransa su fuskanci ƙofa. A kogin akwai kada da dorina. Dorina takan wuni cikin ruwa, ta nutse har minti biyar kafin ta ɗago hanci, da dare kuma ta fito kiwo. Kada mutum ya kuskura ya shiga tsakaninta da ruwa.

In manyan dabbobi sun ƙi fitowa, a ɗaga kai sama. An ƙidaya tsuntsaye iri fiye da 350 a dajin nan. Akwai burtu, baƙi mai jan maƙogwaro, yana takawa a ƙasa kamar dattijo, wanda maharbanmu suke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su yaudari nama. Akwai cilakowa, da zalɓe, da balbela, da fakara. Zaki kam, wanda ya gan shi ya yi babbar sa'a. Ko sawunsa kuka gani, ku tsaya ku nuna wa yara, gama ba kowa ya taɓa ganin wannan ba.

A MASAUKI

Bayan zafin rana da ƙura, ga maɓuɓɓugar Wikki tana jira. Ruwa ne garai-garai yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, ana ganin yashi a ƙasansa, ɗuminsa kuma awo 31 dare da rana, rani da damina. An ƙiyasta yana zubar da lita miliyan 21 kowace rana zuwa kogin Gaji. Wajen bakin dutsen yana da zurfi, ya shanye mutum tsaye, saboda haka ƙanana su tsaya can ƙasa inda bai wuce gwiwa ba, idon babba yana kansu. Akwai kuma ɗakin ajiye kayan tarihi, inda aka tara fatu da ƙasusuwa da haure, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga masu farautar sata. Mai sha'awar tarihi ya roƙi jagora ya kai shi kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka sassaƙa cikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da kufan da aka narka tama. Dajin nan ba kullum yake kango ba, mutane sun zauna cikinsa.

Gargaɗi guda game da masaukin, shi ne bika, wanda waɗansu suke kira gwaggon biri. Sun saba da mutane har sun raina su. Suna buɗe ƙofa, suna shiga mota ta taga, suna fizge leda daga hannun yaro. Baƙi ne suka koya musu, da jefa musu burodi da ayaba domin a yi dariya. Kada ku ba su kome, ku kulle ɗaki ko da za ku fita na minti ɗaya, kada kuma yaro ya yi yawo da abinci a hannu. Babban namiji yana da fiƙa da ta kai ta damisa. Haka nan a cikin dajin, ba a fita daga mota sai jagora ya ce, ba a matsa wa giwa mai ɗa, in kuwa ta baza kunnuwa tana kaɗa kai, sallama ce take yi muku, ku karɓa ku ja da baya.

MAI GONA FA?

Na san cikin masu karanta wannan shafi akwai manoma, wani kuma zai ce, Malam, kai kana zancen kallo, mu muna zancen abinci. Gaskiyarsa. A ƙauyukan da suke kewaye da Yankari, garken giwa yakan fito da dare ya shiga gonar masara ko dawa, kafin gari ya waye wahalar shekara guda ta tafi. Mutumin da wannan ya same shi ba ya ganin kyan giwa, kuma ba daidai ba ne mu da muke zuwa kallo na kwana biyu mu ga laifinsa. Makiyayi ma yana da nasa kuka, burtali ya toshe, gonaki sun cinye makiyaya, ga ciyawa kore shar a cikin gandu an ce kada ya shiga. In zaki ya kashe masa saniya, wani yakan zuba guba a mushen, zaki ya ci ya mutu, kura ta ci ta mutu, ungulaye su sauka su mutu da dama a wuri guda.

Ba a rasa dabaru ba. A Kenya an gwada kewaye gona da amya, gama giwa tana tsoron zuma, manomi ya tsira da amfaninsa ya kuma sami zuman sayarwa. A Yankari an ɗaura wa waɗansu giwaye na'ura a wuya domin a san inda garke ya nufa a gargaɗi ƙauye tun da wuri. A 2014 Gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji mai suna WCS domin ƙarfafa sintiri, kuma daga tsakiyar 2015 an yi shekaru da dama ba a sami labarin an kashe giwa saboda haure ba. Masu gadin dajin nan 'ya'yan talakawa ne kamarmu, suna kwana a daji, waɗansunsu sun rasa rayukansu a hannun masu farautar sata. In kun je, ku gaishe su da kyau.

An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, a Janairun 2024 kuma an niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja. Duk da haka muddin akwai mai saye, za a sami mai harbi. Nan ne namu hannun yake. Kada mu sayi abin wuya na haure, ko fatar damisa, ko kan ungulu, ko naman dajin da ba mu san inda ya fito ba. Dabbar da take haihuwa sau ɗaya a shekara biyar ba ta iya tsere da harsashi.

Yankari ya riga ya yi hasarar waɗansu. Raƙumin dawa da kyarkeci sun taɓa zama a cikinsa, yau babu su. Amma abin da ya ragu yana iya komowa in an tashi tsaye. Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. A yankin Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ragu har saura 49 a shekara ta 1996. Hukuma ta hana kashe su, aka taimaki ƙauyukan da suke zaune tare da su, gama ba cikin shinge suke ba, a gonakin mutane suke yawo. Bayan shekara 20 da 'yan kai sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai dajin Gadabeji domin su kafa sabon garke. Daga 49 aka fara. Giwayenmu sun fi haka yawa tukuna.

Zuwanmu ma taimako ne. Kuɗin shiga da na masauki da na jagora su ne suke nuna wa hukuma da mutanen yankin cewa giwa mai rai tana da daraja. Dajin da 'yan ƙasa ba su zuwa, ba su kuma san shi ba, ran da aka ce za a sare shi ba mai buɗe baki.

SHIRIN TAFIYA

Gida guda zai ji nauyin kuɗin mota, amma in gida huɗu ko biyar suka haɗa kai, ko ƙungiyar matasa, ko zumuntar mata, ko malaman makaranta da iyayen yara, aka fara adashi tun yanzu, abin zai zo da sauƙi. A kwana biyu in da hali, domin a sami fita sau uku ko huɗu, gama wanda ya fita sau ɗaya caca ya yi. Kafin a tashi a tuntuɓi hukumar dajin a ji kuɗin shiga da na ɗaki, a kuma tambayi lafiyar hanya, gama zamanin nan ba a tafiya da ka, kuma kada a yi tafiyar dare. A riƙi ruwan sha mai yawa, da malafa, da gidan sauro, da maganin zazzaɓi. In wani yana da tabarau mai kawo nesa kusa, a aro. Duk ledar da aka shiga da ita a fito da ita.

Kowane yaro a ba shi ɗan littafin rubutu da fensir. Ya rubuta sunan dabbar da ya gani da Hausa, da harshen gidansu in yana da wani, da lokacin da ya gan ta, da abin da take yi. In an komo gida ya kai wa kakarsa ya karanta mata. Za ku sha mamakin abin da tsohuwa za ta ƙara masa, na tatsuniya da karin magana da labarin dajin da yake bayan garinsu kafin a mai da shi gona.

Wanda bai sami halin zuwa Yankari bana ba, kada ya ce shi ke nan. Akwai gandun namun daji na Jos, akwai gidan zu na Kano, ko da yake dabbar da take cikin keji rabin labarinta kaɗai take bayarwa. In wannan ma bai samu ba, fadamar bayan gari tana nan. Ka ɗauki yaro da sassafe ku zauna gindin itace ku yi shiru na rabin awa, ku ƙidaya irin tsuntsayen da za su sauka. Ku sa ido ku ga ranar da shamuwa za ta iso bana, ku rubuta, ku ga kwana nawa za a yi kafin ruwan fari. Idon da ya koyi ganin shamuwa shi zai ga giwa in ranar ta zo.

Waɗanda suka taɓa zuwa, ko waɗanda za su je a hutun nan, ku rubuto ta hannun Edita ku gaya mana abin da kuka gani. Dattawa kuma, ku aiko mana da sunayen namun dajin da kuka sani a ƙuruciyarku waɗanda ba a ganinsu yanzu, da garin da kuka gan su, mu buga domin yara su karanta. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.